Kuɗin Hutun Haihuwa: Ina Haƙƙi, Ina Bashi?



Mun zaɓi mu yi magana yau a kan wata matsala da ke tasowa a ƙasar Ingila, inda 'yan'uwanmu mata da yawa, likitoci da nas-nas da malaman makaranta, suke aiki. Ga matsalar: mace ta tafi hutun haihuwa, ta karɓi kuɗin da aka yi ta biyanta, da hutun ya ƙare sai ta ga ba za ta iya komawa ba. Shin tana iya ajiye aikin ba tare da ta mayar da abin da ta karɓa ba? Amsar ba ɗaya ba ce, domin kuɗin iri biyu ne, kuma mai neman zaman lafiya tilas ya san bambancinsu.

Iri na farko shi ne wanda doka ta ɗora wa mai ba da aiki tun shekarar 1987. Dokar ƙasar ta ba mai haihuwa hutun mako 52, ana kuma biyan wadda ta cika sharuɗɗa har mako 39. A mako 6 na farko tana samun kashi 90 cikin ɗari na albashinta, a sauran mako 33 kuwa sai wani ƙayyadadden adadi da gwamnati ke yankewa kowace shekara, ko kashi 90 ɗin idan shi ne ya fi ƙanƙanta. Wannan kuɗi haƙƙinta ne tsantsa. Ko ta koma aiki ko ba ta koma ba, babu mai ikon cewa ta mayar da ko sisin kwabo. Ai ko mai ba da aikin ma, gwamnati ce ke mayar masa da mafi yawansa.

Iri na biyu shi ne ƙarin da wurin aiki ke ɗorawa bisa na doka, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Wannan ƙari daga yarjejeniyar aiki ya fito, galibi kuwa da sharaɗi yake zuwa. A Hukumar Lafiya ta Ingila, watau NHS, ana biyan cikakken albashi na mako 8, sa'an nan rabin albashi haɗe da kuɗin doka na mako 18, bisa sharaɗin mace za ta koma ta yi aƙalla wata 3. Malaman makarantun gwamnati su kuma, yarjejeniyarsu ta ce wadda ba ta koma ta yi mako 13 ba za ta mayar da rabin albashin mako 12 da aka ba ta. Ma'aikatanmu na nan gida da suka taɓa sa hannu a takardar alkawari kafin a tura su ƙaro ilimi sun san irin wannan ɗauri.

Masu iya magana sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mun yarda, alkawari kaya ne. Amma kada mu yi saurin zargin wadda ta kasa komawa da cin amana. Sau da yawa kuɗin gidan renon yara kan cinye mafi yawan albashinta, ga aikin dare, ga ƙasar baƙunci inda babu kaka ko gwaggo da za a bar wa jinjiri.

To, mece ce mafita ta halal? Da farko, ta karanta yarjejeniyar tun kafin ta tafi hutu. Dokar haƙƙin ma'aikata ta shekarar 1996 ta hana a yanki albashin mutum sai idan doka ko yarjejeniyar aikinsa ta tanadi haka, ko kuwa ya amince a rubuce tun da farko. Na biyu, ta lissafa ranakun hutunta na shekara, domin suna ci gaba da taruwa tana hutun haihuwa, kuma wurare da yawa suna ƙidaya su cikin wa'adin komawa. Na uku, a NHS ba tilas ba ne ta koma asibitin da ta bari. Wani asibitin hukumar ma ya wadatar, muddin ta kama aikin cikin wata 15 daga ranar da ta fara hutu. Na huɗu, tana da damar neman a sauya mata lokutan aiki ko a rage su, kuma tun watan Afrilu na 2024 ana iya neman haka daga ranar farko ta kama aiki. Idan duk wannan ya faskara, ƙa'idar NHS ta ba shugabanni ikon yafe bashin inda karɓarsa zai jefa mace cikin ƙunci. Wadda kuwa take shakka tun farko, gara ta ajiye ƙarin a gefe kada ta taɓa shi, har sai ta yanke shawara.

Abin da muke roƙonku, 'yan'uwa, shi ne kada wata ta gudu ba sallama, kada kuma wata ta mayar da abin da doka ta mallaka mata saboda tsoro. Ku kuma da gobe za ku zauna a kujerun ofisoshi, ku rubuta sharuɗɗa a fili, ku bar ƙofar sassauci a buɗe, domin ma'aikaciyar da aka tausaya wa a shekarar goyo ita ce ke daɗewa a bakin aiki.