Ofishin Ciniki Na Ingila Da Mata Maƙeran Sarƙa

Yau ina so in yi muku bayanin wani ofishi na Gwamnatin Ingila, wanda su ke kira Board of Trade, watau Ofishin Ciniki. Kun san aikin Sarkin Kasuwa: shi ke duba mudu, shi ke raba gardama, shi ke hana mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. To, a dā wannan ofishi kamar Sarkin Kasuwa ne na ƙasa duka. Asalinsa tun zamanin Sarki William na Uku ne, cikin 1696. An sha sake masa tsari da suna, har a 1970 aka haɗa shi da ofishin fasaha. Cikin 2023 kuma aka kafa Ma'aikatar Kasuwanci da Ciniki, aka danƙa mata yawancin aikin nan.

Da fari sha'anin fatauci ya ke dubawa. Sannu a hankali aka ga ciniki ba ya tsayawa ga kaya da kuɗi, akwai rayukan mutane a ciki. Ga misali. A dā waɗansu masu jiragen ruwa su kan labta wa jirgi kaya fiye da ƙarfinsa, ya nutse da matuƙansa, su kuwa su karɓi kuɗin inshora. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fama har aka yi doka a 1876, cewa a zana layi a jikin kowane jirgi, kada ruwa ya wuce shi. Amma da ya ke mai jirgi ne ke zaɓen inda zai zana, sai dokar ta zama wasa. Sai a 1890, da aka ba Ofishin Ciniki ikon tsai da wurin layin, sa'an nan ta yi amfani.

Yanzu ga labarin da na fi so ku riƙe. A wani gari mai suna Cradley Heath, kusa da Birmingham, akwai mata masu ƙira. A 'yan rumfunan bayan gidajensu su ke hura wuta, su na ƙera sarƙa da guduma tun safe har dare, da yawa kuwa da 'ya'yansu ƙanana a gefe. Mace ta kan yi aikin sa'a hamsin ko fiye a mako, a sallame ta da abin da bai fi sule biyar ko shida ba.

Cikin 1909, sa'ad da Winston Churchill ke shugabancin Ofishin Ciniki, aka yi doka ta kafa majalisun yanke lada a sana'o'i huɗu da aka fi ƙwarar ma'aikata: ɗinki, da yin akwatunan takarda, da aikin leshi, da ƙirar sarƙa. A kowace majalisa akwai wakilan masu ba da aiki, da wakilan ma'aikata, da waɗansu da ba su da ɓangare. A 1910 majalisar sarƙa ta yanke cewa kada a biya mace ƙasa da kwabo biyu da ɗari a sa'a guda. Wannan kuwa ya kusa ninka abin da su ke samu.

Ashe akwai wata kafa cikin dokar. An ce har wata shida ma'aikaci na iya zama bisa tsohon lada, in ya yarda a rubuce. Sai waɗansu masu ba da aiki suka yi ta kawo wa matan nan takardu su sa hannu. Da yawa cikinsu ba su iya karatu ba, ba su san haƙƙinsu su ke bayarwa ba. Niyyar masu kuɗin ita ce su tara sarƙa da araha cikin watannin nan, in wa'adi ya cika su ce babu aiki.

Da magana ta fito fili, wata mace mai suna Mary Macarthur, shugabar ƙungiyar mata ma'aikata, ta tattara su. Mata wajen 800 suka ajiye guduma cikin watan Agusta. Jama'ar ƙasa suka tara musu taimako kusan fam 4,000, don kada yunwa ta kore su su koma. Bayan mako goma, cikin Oktoba, masu ba da aiki suka sallama, aka biya ladan da doka ta yanke. Irin da aka shuka ran nan ya daɗe kafin ya nuna, gama sai a 1999 aka yanke mafi ƙarancin lada na ƙasar baki ɗaya, fam 3.60 a sa'a ga baligi.

To, 'yan'uwa, ku lura. Ofishi ya yi nasa, doka ta fito, amma saura kaɗan takarda guda ta rushe ta, don masu haƙƙi ba su iya karanta abin da ke cikinta ba. Gwamnati ba ta iya tsayawa a bakin kowace maƙera. Ku da Allah ya buɗe wa ido da karatu, in an miƙo muku takardar aiki, ko ta bashi, ko ta awon kaya, kada kunya ko gaggawa ta sa ku dangwala yatsa. Ku karanta ta daga sama har ƙasa. Abin da ya shige muku duhu ku tambaya. In kuma maƙwabcinku bai iya ba tukuna, ku karanta masa tsakani da Allah.

Allah ya ba mu halaliyarmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Amin.