Yaron da ba ya shiga cikin yara: taka ka ga malaminsa



Yau maganarmu a kan yaron da aka sa lakwal, amma kullum yana raɓe a gindin bango, yara na langa shi yana kallo. Uwa ta damu, uba ya ce ai kunya ce, zai daina. Wataƙila kunyar ce. To amma kada ka yanke hukunci daga ruga ko daga kasuwar Ƙonni, ka taka ka ga malaminsa.

Ba a tsaye ba, kana sauri motar Illela za ta tashi. Nemi lokaci bayan an tashi yara, kuma kada a yi zancen a gabansa. Ka tambaya: in an fita shan iska da wa yake zama? Dukansa ake yi, ko shi ke bugun wasu?

Kai ma akwai abin da malam bai sani ba. Gaya masa yaron Fulatanci kaɗai yake ji, kuma da maruƙa ya taso, ba cikin taron yara ba. An buɗe lakwal a Oktoba kuna can arewa da dabbobi, ya zo ya iske kowa ya kama aboki. Malam na iya zaunar da shi kusa da mai jin yarensu.

In kuwa a gida ma ba ya waigowa idan an kira sunansa, ko kunnensa na zubar da ruwa, wannan ba aikin malam ba ne, a kai shi likita. Bayan sati uku ka koma lakwal ka ji ko akwai canji.