Amsar Wasiƙunku: Wata Huɗun Sanin Makamar Aiki

 

Wasiƙar yau ta fito ne daga hannun wani dattijo, manomi kuma mai sayar da hatsi a Tsibiri. Bayan gaisuwa, ya ce ɗansa yana karatun difloma a fannin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Ya gama shekarar farko, sai ga shi da takarda wai makaranta ta ce ya nemi wata ma'aikata ya yi wata huɗu yana aiki ba albashi. Ga aikin gona ya taso, ga kuɗin mota da na abinci duk a wuyan uba. Wani ya ba shi shawara a kai littafin yaron wurin wani sananne a ofis, a sa hannu a buga hatimi, yaro ya yi zamansa a gona. Yana tambaya ko hakan ya yi.

To Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ɗaya ce, hakan bai yi ba.

Wannan abu ba malaman Mafara suka ƙago shi ba. A 1971, zamanin mulkin Janar Gowon, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar horar da ma'aikata da ake kira ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 hukumar ta fito da shirin SIWES, wato horon sanin makamar aiki ga ɗalibai. Dalili kuwa, masu masana'antu sun yi ta kukan cewa ana kawo masu yara da takardar shaida mai kyau, amma in an miƙa masu sifana sai su tsaya suna kallo. Shi ya sa aka ce ɗan difloma ya yi wata huɗu, ɗan jami'a kuwa galibi wata shida. Littafin nan da aka ba ɗanka, a ciki zai riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana, mai kula da shi a wurin aikin ya sa hannu, malami ya taso daga makaranta ya duba shi, kuma akwai maki a kai. Akwai ɗan alawus da gwamnati kan biya ta hannun ITF, amma kada ka ɗora tukunya a kansa, don bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa sai an gama da daɗewa yake fitowa.

Malam, kai ɗan kasuwa ne. Ranar Talata in ka shiga kasuwar Mafara, ka damƙi gero a hannu, ka san na bana ne ko na bara, ka san ko an yi masa algus. Wa ya koya maka wannan a allo? Bin wani ka yi, kana riƙe masa buhu, har ido ya buɗe. To, shi ma karatun boko haka yake. Mu da muka yi kwalejin horon malamai, sai da aka tura mu koyarwar gwaji muka tsaya gaban yara da alli, sannan kowa ya san ko shi malami ne. Wasu daga nan suka gane aji ba wurinsu ba ne, suka sake hanya tun da sauran lokaci. Wannan shi ne babban amfanin abin. Yaro ya ce yana son injiniya, amma bai taɓa yini cikin baƙin mai da ƙarar inji ba. Gara ya ɗanɗana yanzu a wata huɗu, da a ce ka sayar da shanu ka biya karatun shekara da shekaru, ya fito ya ce ba ya so.

Sai dai a zaɓi wuri. Ba ofishin da za a riƙa aikensa sayen goro da shayi ba. Ga madatsar ruwa ta Bakalori nan kusa da ku, wadda aka gama gininta a 1978, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Duk inda ake noman rani akwai injin ban-ruwa da ke lalacewa, akwai tarakta, akwai injin casar shinkafa, kuma duk suna neman mai gyara. Ko babban gareji ne ko wurin walda, in dai makaranta ta amince da shi, ya fi kujerar ofis da ba aiki. Masu 'ya'ya a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, maza ko mata, su ma su nemar masu wurin malaman gona ko asibitin dabbobi, inda za su taɓa aikin da hannunsu.

Maganar hannun da za ka rasa a gona kuwa, ba mu raina ta ba. Amma lissafa kuɗin ɗan ƙodago na 'yan kwanakin da aiki ya fi tsanani, ka gwada da abin da ka riga ka kashe a makarantar nan. Ranar da ba aiki kuma yaro zai iya leƙowa gida. Saboda halin da hanyoyinmu suke ciki, Allah ya kawo mana sauƙi, ya fi kyau a samar masa masauki wurin ɗan'uwa ko amini a garin da zai yi aikin, da a ce kullum yana bisa hanya safe da yamma.

Ka kuma sani, in ya gama ƙaramar difloma yana son babba, sai ya nuna shaidar ya yi aiki na shekara guda. Maigidan da ya ga ƙwazonsa a wata huɗun nan, shi zai fara buɗe masa ƙofa a lokacin. Wanda ya buga hatimi a littafin da ba a yi aikinsa ba, ko fuskar yaron ba zai tuna ba, balle in malamin makaranta ya zo duba shi ya tarar ba a san shi a wurin ba.

Ka gaida mana mutanen Tsibiri, Malam, da shi ɗalibin. Masu saurare, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.