Rabon Da Ba Ya Manta Da Gwauruwa

Karatu: Ayyukan Manzanni, sura 6

 Allah ya ba mu kunnen ji.

Yau zancenmu a kan rabon taimako ne a lokacin tashin hankali. Bayarwa tana da lada, amma ku sani rabo ya fi bayarwa wuya.

Ku mutanen Duwala ba baƙin wannan magana ba ne. A watan Mayu 1955 aka yi tarzoma a New Bell tsakanin mutanen jam'iyyar UPC da gwamnatin Faransawa, aka zub da jini. A watan Yuli aka hana jam'iyyar, faɗa kuwa ya ci gaba har bayan samun mulkin kai a 1960. Ran 24 ga Afrilu na shekaran nan wuta ta cinye unguwar Kwango, dubban mutane suka wayi gari ba ɗaki, ba tabarma, ba tukunya. A zamaninmu kuma, daga 2017, faɗa ya kori mutane daga wajajen Bamenda da Kumba. Da yawa suka sauka Bonaberi, waɗansu suka haye gadar Wuri, suka raɓe a gidajen dangi.

To, sa'ad da buhunan shinkafa suka iso domin irin waɗannan, me kan faru? Masallaci ya raba ran Jumma'a, ikkilisiya ta raba ran Asabar, wata ƙungiya ta aiko mota daga Bonapriso ran Litinin, ba wanda ya shawarci wani. Mai ƙarfin kafaɗa ya karɓa sau uku. Gwauruwa kuwa da ke ɗakin ƙanwarta, ba ta jin Faransanci, takardunta sun ƙone, ko mudu ɗaya bai kai gare ta ba. Abinci ya isa, shiri ne babu.

Wannan ba sabon abu ba ne. A Urushalima masu bi na fari suna rabon abinci kowace rana. Sai masu jin Helenanci suka kawo kuka, wai ana tsallake gwaurayensu mata. Manzanni ba su tsauta musu ba, ba su kuwa ce ƙarya ne ba. Suka tara jama'a, suka sa a zaɓi mutum 7 waɗanda aka shaida halinsu, aka danƙa musu aikin. Ku lura da wani abu: Istifanas da Filibus da sauran biyar ɗin, dukansu sunayen Helenanci gare su. Ashe an ba da mudu a hannun waɗanda suka san ƙofar waɗanda aka manta.

Haka kuma Manzo Bulus, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, domin kada a sami abin zargi.

Manyan duniya ma sun koyi wannan da wahala. A 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla cewa taimako ba zai bi ɓangare ba, ba zai kuwa yi tara ba. A 1998 ta kafa ofishin OCHA domin ya haɗa kan masu agaji. A 2005 aka raba aiki: WFP ga jigilar kaya, UNICEF ga ruwa da tsabta, WHO ga lafiya, domin kada motoci goma su taru a gari ɗaya, gari na gaba yana jira. In su da jiragen sama sun ga tilas su zauna tare, balle mu da amalanke?

Saboda haka ga shawara biyar.

Ta fari, kafin a kwance bakin buhu, mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata su zauna, su yi littafi ɗaya na sunaye.

Ta biyu, kada ku jira a layi kaɗai. Ku aiki mata masu jin harshen baƙin su bi gida gida, gama mai kunya da marar lafiya ba su zuwa layi.

Ta uku, mudu ɗaya ga kowa, ana aunawa a fili. Kuɗi kuwa mutum biyu ko uku su ƙirga, kamar yadda ku kan yi da kuɗin adashi.

Ta huɗu, littafin nan amana ne. Kada ya faɗa hannun kowane mai bindiga, ko na wane ɓangare ne. Suna ɗaya da ya fita yana iya zama ran mutum.

Ta biyar, ku 'yan'uwana Kirista, da ku na ke. Kada ku mai da shinkafa kuɗin baftisma. Kada ku tambayi mai yunwa ƙabilarsa ko addininsa, ko wane ne ɗansa ya bi a daji. Wanda ya zo sujada domin buhu zai tafi ran da buhu ya ƙare, sunan Ubangiji kuwa ya ɓaci a kasuwa.

Me ya sa za mu yi haka? Domin haka Allah ya yi mana. Ran da Yesu ya ciyad da mutum 5,000, ya sa aka zaunad da su ƙungiya ƙungiya, kowa ya ci ya ƙoshi, har aka tattara ragowa kwando 12. Bai tambayi kowa daga ina ya fito ba. A kan gicciye kuma ya ba da ransa domin masu zunubi, mu da mu ke gaba da Allah. Ba wanda ya saya, ba wanda ya cancanta.

Kai mai sauraro, watakila kai ne aka tsallake, a rabon duniya ba a kira sunanka ba. Allah ya san ƙofarka. Ka kira shi yau, ba ya mantuwa.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, ka kwantad da faɗa a ƙasarmu Kamaru. Ka ba masu rabo hannu mai gaskiya da ido mai ganin gwauruwa da maraya da baƙo. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.