Kafin a sayi mota, a tambayi bakanikenta



An ba ni batun sababbin tsare-tsaren adana fayil a kwamfuta, amincinsu da kayan gyaransu. Zan fara da mota, don kowa a nan ya san dalilin da ya sa Peugeot 504 ta daɗe a kan titunanmu. Ba don ba ta lalacewa ba ne. Duk ƙauyen da ta mace maka akwai bakaniken da ya san cikinta, kayanta kuma suna kasuwa. Da wannan ma'auni nake so mu auna abin da ke riƙe da bayananmu.

Tsarin adana fayil shi ne magatakardan faifai. Shi ya san inda kowane fayil ya fara, inda ya ƙare, da gurbin da babu kowa. Adana fayil guda yakan buƙaci rubutu a wurare da dama, idan kuwa aka ɗauke wuta a tsakiya, rajistar sai ta saɓa wa kanta. Mu da wuta ke zuwa mana kamar baƙuwa ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Wata rana a wani ofishi da na yi aiki aka ɗauke wuta, ashe batirin ko-ta-kwana ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Kwamfutar da ke riƙe da takardun ofishin ta ƙi tashi. Faifan yana kan tsarin ext4, sai na saki manhajar gyaransa e2fsck a kansa, na zauna ina amsa tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, gumi na keto min. Da ya gama, na tarar da wasu fayiloli a jakar da ake kira lost+found, sunayensu sun ɓace, sai lambobi kawai. Mun kwana biyu muna buɗe su muna tantance wanne ne wanne. Wahala ce, amma takardun sun dawo. Wannan manhaja ta e2fsck da Theodore Ts'o ke kula da ita ta taso ne tun zamanin ext2, kakan ext4, wanda ya fito a 1993. Shekara talatin da ɗoriya ke nan mutane suna kai mata faifai a lalace ta kowace irin fuska, tana koyo daga kowanne. Tsohuwar zuma ce.

Sababbin tsare-tsare sun zo da dabara biyu masu kyau ƙwarai. Ta farko, ba sa rubutu a kan tsohon bayani. Sukan rubuta sabon a wani gurbi, sai ya kammala sannan su juya alama zuwa gare shi, saboda haka ko an ɗauke wuta tsohon yana nan lafiya. Ta biyu, kowane yanki na bayani ana lissafa masa wata lamba, kamar hatimi, duk lokacin da aka karanto shi a sake lissafi a gwada. Idan faifai ya ruɓar da abu a ɓoye, hatimin zai tona.

ZFS, wanda Jeff Bonwick da Matthew Ahrens suka soma a kamfanin Sun a 2001 aka sake shi a 2005, ya dogara da waɗannan dabaru har masu shi suka ce ba ya buƙatar manhajar gyara irin ta da. Abin da ya tanada shi ne zagayen duba da ake kira scrub, wanda ke bin faifai yana gwada hatimai, ya maye gurbin ruɓaɓɓe da kwafi mai kyau. A kan takarda hujjar ba ta da makusa. Matsalar ita ce faifai kan yi ƙarya. Wani yakan ce ya rubuta alhali abin yana cikin ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi. Dole daga baya aka ƙara wa ZFS hanyar komawa baya zuwa yanayin ƙarshe mai lafiya idan rumbun ya ƙi buɗuwa.

Akwai kuma abin da hatimi ba ya gani sam. A Nuwamban 2023 aka gano kuskure a OpenZFS, reshen ZFS, wanda fitowar 2.2.0 ta fito da shi fili: a wasu yanayi, idan aka kwafi fayil da aka rubuta yanzu-yanzu, sai wani yanki nasa ya koma sifiri zalla. Ku lura da wannan da kyau. Tsarin da kansa ya rubuta sifirin, ya buga masa hatimi mai inganci, don haka scrub zai zagaya ya ce komai lafiya lau. An toshe ɓarakar cikin 'yan makonni. Sai dai ta nuna cewa hatimi shaidar abin da aka rubuta ne kurum, ko daidai ne ko kuskure.

Labarin Btrfs ya fi kusa da batunmu. Chris Mason ya fara shi a Oracle a 2007, ya shiga Linux a 2009, amma manhajarsa mai iya gyara ba ta bayyana ba sai 2012. Shekara uku mutane suna hawa motar da ba ta da gareji. Har gobe takardun bayaninsa suna gargaɗin kada a taɓa umarnin gyaran sai da shawarar gwani, domin yana iya ƙara dagula lamari. Manyan gidajen Linux ma sun rabu a kansa: SUSE ta ɗauke shi a 2014, Fedora a 2020, Red Hat kuwa ta janye daga gare shi a 2017, ta tsaya kan XFS, ɗan 1993, mai tsohon kayan gyaransa xfs_repair. Ban ce Btrfs ba shi da kirki ba; Facebook na aiki da shi a kan ɗimbin na'urori. To amma Facebook ta ɗauki injiniyoyin da ke rubuta shi aiki, kuma in na'ura guda ta lalace tana da kwafi a wani wuri. Wa ke da wannan gata a cikinmu?

Wani abu da ɗalibai kan manta: ganowa daban, gyarawa daban. A kwamfutar cinya mai faifai ɗaya, Btrfs a saitinsa na asali kwafi ɗaya yake ajiyewa na abin da ke cikin fayilolinka. Zai gaya maka kundin digirinka ya ruɓe, ba shi da inda zai ɗauko mai kyau. APFS na Apple, da ya fito a 2017, rajistarsa kawai yake buga wa hatimi, ban da abin da ke cikin fayil.

Na baya-bayan nan shi ne bcachefs na Kent Overstreet, wanda ya shiga Linux a farkon 2024 aka fitar da shi a 2025 bayan doguwar taƙaddama da Linus Torvalds, jagoran Linux. Abin lura, ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar rigimar wani sabon kayan ceto bayanai ne da aka turo a lokacin da dokar Linux ta ce gyaran kurakurai kawai ake karɓa.

To me za mu yi? Ra'ayina, wanda ke da faifai biyu zuwa sama da wutar da ba ta yankewa ya ɗauki ZFS ko Btrfs, ya riƙa yin scrub duk wata, zai ci riba. Ofishin da ke da faifai ɗaya, da janareta mai tari, da ma'aikaci ɗaya tilo, ya zauna kan ext4 ko XFS. Ranar da faifai ya ƙi buɗuwa kuwa, kada hannu ya yi saurin kaiwa ga gyara. A fara ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya zuwa wani, a yi gwaji a kan hoton. Masu Btrfs su fara da btrfs restore, wanda ke kwashe fayiloli ba tare da ya rubuta komai a kan mara lafiyar ba.

Roƙona ga malamanmu shi ne, kafin ɗalibi ya fita, a ba shi tsohon faifai ya ɗora tsari, ya zare wuta ana tsakiyar rubutu, ya lalata shi da gangan, sannan ya dawo da bayanan da hannunsa a gaban malami.