Gidan Haya: Tsakanin Takardar Meri da Bashin Banki

Batun da ya tara mutane a yau shi ne gidan haya, wanda a ƙasar Nijar ya zama asusun ɗan kasuwa, ya kuma zama madogarar ma'aikaci ranar da albashi ya yanke.

Wannan ɗabi'a tana da tushe. A 1990 bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe da ajiyar mutane a cikinsa. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mai kuɗi a akwati ya wayi gari da rabin ƙarfinsa. Wanda ya ga haka bai jira wa'azi ba, ya kwashi abinsa ya zuba cikin fili da siminti. Ita kanta gwamnati, a farkon shekarun 2000, da filaye ta biya wani kashi na bashin albashin ma'aikata.

To, amma akwai takarda, akwai takarda. Wadda meri take bayarwa bayan an yanka filaye shaidar sayarwa ce. Cikakkiyar mallaka tana ga titir fonsiye, wanda ake rubutawa a kundin filaye na gwamnati, kuma shi ne banki yake nema kafin ya karɓi gida jingina. Da yawa daga masu gidaje a Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su taɓa taka wannan mataki ba, saboda tsada da yawon ofis. Sai ka ga alhaji da gida biyar, amma ko ɗaya ba zai jawo masa rance ba. Fili guda kuma a sayar wa mutum biyu, a ƙare a gaban alƙali, labari ne da kowace unguwa ta sani. An buɗe Bankin Gidaje na Nijar, BHN, a 2018. Sai dai ƙofar banki ta fi sauƙin buɗuwa ga mai takardar albashi fiye da mai shago.

Nan ɗan kasuwa yake faɗawa rami: ya ciri kuɗin gini daga jarinsa. A ce gida ya ci miliyan 12, ana hayarsa jika 60 a wata. A shekara jika 720 ke nan, kusan shekara 17 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire haraji ba, ba a cire gyaran rufi da kwashe masai ba, ba a lissafa watannin da gidan zai kwana babu kowa ba. Jarin da yake juyawa sau da yawa a shekara tsakanin Maraɗi da Jibiya an binne shi cikin bango. Bashin wata shida kuwa, in aka gina gida da shi, mai bashi zai iso kafin mai fenti.

Wurin ma abin dubawa ne. Ambaliyar 2020 a bakin kogin Yamai da ta 2024 a Maraɗi sun nuna inda filin araha yake kai mai shi.

Sauran wahalar tana zuwa bayan an miƙa makulli. Hayar baki da baki, ba rubutu ba shaidu, ta fi ɓaci idan ɗan hayar ɗan uwa ne ko suruki, domin kunya ba ta bari a tambaye shi. Ranar da mai gida ya kwanta dama, magada su tarar da ƴan haya huɗu, kowa da adadin da ya ce marigayi ya yarje masa, takardar filin kuma har yanzu da sunan wanda ya sayar.