Manhaja Kyauta Ce, Amma Kowace Na'ura da Harshenta

Jawabin da wani tsohon ɗan wannan ƙungiya ya yi a taron ɗalibai na ƙarshen hutu a Bahindi, cikin ƙasar Bagudo.



Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Kwana biyu kafin nan, ran 25 ga wata, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata babbar manhaja ta tafiyar da kwamfuta, kuma kyauta zai bayar. Ita ce Linux. Watau jiharmu da Linux sa'o'in juna ne. Ya rubuta ta ne domin irin na'urar da ke gabansa kaɗai, mai ƙwaƙwalwar Intel 386, kuma a kan wannan batu na ƙwaƙwalwar na'ura nake so in tsaya yau, domin a nan ne da yawa daga cikinmu suke yin asara ba tare da sun san dalili ba.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tsamiya a bakin iyakar Benin ya san cewa ciniki ɗaya ana yin sa da Hausa, da Fulatanci, da Dandanci, har da Faransanci. Haka ƙwaƙwalen kwamfuta suke, kowane jinsi da harshen da yake ji. Mai rubuta manhaja yakan rubuta ta sau ɗaya, sa'an nan wata manhaja da za mu iya kira tafinta ta juyar da ita zuwa harshen kowane jinsi, a ƙulle ta cikin ƙunshi, a ajiye a rumbun da jama'a ke sauko da ita. Ƙunshin da aka ƙulla domin jinsin amd64, na yawancin kwamfutocin ofis, ba zai yi aiki a jinsin ARM ba, wanda ke cikin wayoyinku da ƙaramar na'urar Raspberry Pi da ta fito a 2012. Haka nan ba zai yi aiki a tsohon jinsin i386 mai bit 32 ba.

Mu ɗauki Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma daga jikinta Ubuntu ta fito a 2004. Rumbunta yana da ƙunshi sama da 60,000, amma ba kowane jinsi ne ya sami dukkansu ba. Wani ƙunshin yakan ƙi ginuwa a wani jinsi, wani kuwa yakan ginu amma babu wanda ya gwada shi. Domin wannan Debian ba ta karɓar jinsi cikin fitowarta ta hukuma sai in akwai na'urorin da za su riƙa gina ƙunsosin dare da rana, da kuma mutanen da suka ɗauki alkawarin gyara abin da ya lalace. Yawancinsu 'yan sa kai ne. Ranar da suka gaji, ko na'urorin suka ƙare a hannunsu, sai a ajiye jinsin.

Abin da ya sami i386 ke nan. A 2016 Google ya daina fitar da Chrome domin Linux mai bit 32. Ubuntu ta daina ba da faifan girka ta a kwamfutar tebur mai bit 32 a 2017, a 2019 kuma ta zubar da mafi yawan ƙunsosin jinsin. Da Debian 13 ta fito ran 9 ga Agusta 2025, sai ta fito ba tare da hanyar girka ta a kan i386 ba, ta kuwa karɓi sabon jinsin RISC-V, wanda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na'ura mai bit 32 ba ta iya ba manhaja ɗaya wurin aiki fiye da gigabait 4, alhali manhajojin zamani sai ƙara girma suke yi, kuma masu aikin sa kai a Turai da Amurka sun daɗe da rabuwa da irin waɗannan na'urori.

To, ina na'urorin suka tafi? Da yawansu sun zo mana. Su ne ake saukewa a Kwatano da Ikko, a haye da su Arewa, mu saya a matsayin na hannu. Kwanan baya wani malami ya kira ni in duba ƙananan kwamfutocin cinya da wani mai son alheri ya sayo wa makarantarsu. An gaya masa cewa Linux tana rayar da tsohuwar na'ura, kuma gaskiya aka gaya masa, sai dai waɗannan masu ƙwaƙwalwar Atom N270 ne, waɗanda ba su jin harshen bit 64 ko kaɗan. Muka sa musu Debian 12, wadda ta fito a 2023 kuma ake sa ran a kula da ita har 2028. Bayan wannan shekara, sai dai abin da Allah ya yi. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yaron Bahindi da bai taɓa riƙe linzami ba yana zama jarrabawa ɗaya da yaron Abuja.

Ba yau muka fara ganin haka ba. A 2007 aka raba wa 'yan firamare na Galadima, a Abuja, ƙananan kwamfutocin XO na shirin ba kowane yaro kwamfuta, masu tafiya da Linux a kan ƙwaƙwalwar AMD Geode mai bit 32. Na'urori ne masu kyau a zamaninsu, amma jinsinsu yana cikin waɗanda manyan rumbuna suka ajiye daga baya.

Ku ma'aikata, watarana takardar sayen kwamfuta za ta biyo ta teburinku. Kada ku tsaya ga kyan murfi da sunan kamfani. Ku tambayi jinsin ƙwaƙwalwar, ku tambayi ko manhajar da ake bukata tana da ƙunshi a jinsin, ku kuma tambayi shekarar da za a daina kula da shi. In an kunna na'ura da Linux aka rubuta lscpu, nan take za ta faɗi jinsinta. Kada kuma ku yi saurin zubar da tsohuwa, domin da yawa daga masu Core 2 Duo, da suka fara fitowa a 2006, suna jin bit 64 sarai, tsohuwar Windows mai bit 32 kurum aka ɗora musu. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, na'urar ARM mai cin wuta kaɗan tana iya tafiya da hasken rana, kuma LibreOffice da Chromium suna nan a jinsinta, amma manhajar da kamfani ya ƙulle rubutunta ba za ku iya ginawa da kanku ba in bai fitar da ita domin ARM ba. Ku bincika kafin a biya kuɗi.

Ku kuwa ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta a Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato, ku sani ƙofar Debian a buɗe take. Ba a tambayar kowa digiri kafin ya gwada ƙunshi a na'urarsa ya aika da rahoton abin da ya gani, ko ya fassara saƙonnin manhaja zuwa Hausa. Jinsin da ke da masu kula da shi ne yake daɗewa a rumbu. Muddin ba a jin muryarmu a inda ake yanke shawara, za a ci gaba da ajiye na'urorin da ke hannunmu ba tare da an san muna amfani da su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta naɗa 'yan kwamiti su zagaya makarantun Bahindi, da Kaoje, da Illo, da Bagudo kafin hutu mai zuwa, su rubuta jinsin kowace kwamfuta da ke can, domin mu san waɗanda za a iya sabuntawa da waɗanda kwanansu ya ƙare.